Kwalliyar da Na Yi wa Ciwon Babanka

Deira, Dubai

Abbana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a hanyar Al Quoz tafiya da dawowa, ya kare ka daga sharrin wayar lantarki da tsanin da kake hawa kullum kana gyaran esi mai sanyaya ɗaki a gidajen mutane. Na san za ka yi dariya ka ce gida ɗaya muke kwana, me ya kawo wasiƙa. Yi dariyarka. Abin da zan faɗa ba zan iya faɗinsa ina kallon idonka ba, kuma ka san halina, da na fara magana na ji kunya sai in mayar da ita faɗa, mu ƙare a kan kofin shayin da ka bari ba ka wanke ba.

Yayanka Salim, ɗan Baba, ya gaya mini ka roƙe shi ya duba ko za a iya ɗaga tikitinka na Kano. Kada ka ga laifinsa, ni na matsa masa. Ba wannan ne karo na farko da ka ɗaga ba, kuma mahaifin Rahama ya riga ya aiko cewa idan lokacin nan ya wuce zai sallame ka, yarinya ta duba wani. Mutumin nan ya yi mana kara iya kara. Ka ce ba za ka tafi ka bar ni da jinyar Baba ni kaɗai ba. To ina so ka san yadda aka yi jinyar ta faɗo a wuyanka tun farko, domin ni na ɗora maka ita da hannuna.

Kana yaro na kawo ka garin nan bayan rasuwar mahaifinka, lokacin ina saro abaya da mayafai ina aikawa kasuwar Kwari ta kago, jirgin kaya. Da na auri Baba Khamis, Balarabe ɗan ƙasa mai manyan 'ya'ya biyu, Salim da Moza, waɗanda mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, babu abin da kunnena bai ji ba. Matan Hausawa abokan sarina suka ce fasfo na aura. Wasu daga danginsa suka ce baƙa ta zo da agola za ta ci gado. Shi kuwa bawan Allah ya riƙe ka kamar shi ya haife ka, har ka manta kiransa da wani suna sai Baba. Tun lokacin na rantse a raina babu wanda zai taɓa samun abin faɗa a kaina cikin gidan nan. Rantsuwar ta yi mini amfani shekaru, na iya girkinsu, na iya gaisuwarsu, na riƙe gida tsaf. Amma ita ce kuma ta kai ni ga abin da nake jin kunyarsa yau.

Ka tuna ranar da ya faɗi a hanyar dawowa daga masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da za a sallame mu daga asibiti, Moza ta ja ni gefe ta ce gwamnati tana da tsari ga tsofaffi 'yan ƙasa da ba sa iya kula da kansu. Ana turo ma'aikacin jinya gida, a kawo gado irin na asibiti da kayan bukata. Abin da ake nema shi ne shaidar ɗan ƙasa, da rahoton likita, sannan ma'aikata su zo gida su gani da idonsu abin da mara lafiya yake iyawa da wanda ba ya iyawa, da kuma wanda yake da shi a gidan. Ta ce har ta shigar da neman. Yarinyar nan magana take yi mini mai amfani, amma ni abin da na ji kawai shi ne ta kai ƙarata wurin hukuma cewa matar ubanta ba ta iya jinya ba. Ban ko ce mata na gode ba. Na gyara mayafina na wuce na bar ta tsaye.

Abba, idan mutum ya miƙo maka taimako, ka fara duba abin da ke hannunsa kafin ka tsaya lissafin abin da yake nufi da kai. Sau da yawa ba ya nufin komai, gajiyarka kawai ya gani. Za ka shiga cikin dangin Rahama a matsayin wanda ya girma a waje, Hausarka ma da ɗan gargada, za a riƙa gyara maka abubuwa. Kada ka mayar da kowane gyara zagi kamar yadda uwarka ta yi.

Da aka sanar da ranar zuwan ma'aikatan, sai na shirya musu kamar masu zuwa neman aure. Kai na sa ka ɗauki keken guragu ka hau da shi saman bene ka ajiye bayan tankin ruwa. Ka tambaye ni dalili, na ce kada baƙi su yi tuntuɓe. Famfas ɗinsa da fo da ledar shimfiɗa na cusa su a buhu na tura ƙarƙashin gadona. Na goge gida, na banka turaren wuta har sai da maƙwabta suka tambaya ko biki ake. Muka yi masa aski, muka sa masa kandura, farar doguwar rigarsu, mai guga, muka zaunar da shi a falo na tokare shi da matasai ta kowane gefe don kada ya karkace. Hannun da ya mutu na naɗa masa carbi a yatsu, wai a ga kamar ja yake yi.

Akwai abin da ba ka sani ba. Tun da gari ya waye ban ba shi ruwa ba, ko shayi, don kada fitsari ya kufce masa a gaban baƙi. Ya nuna mini kofi da ido, na ce ya yi haƙuri sai sun tafi. Sannan na sunkuya na ce masa a kunne kada ya ba ni kunya. Mutumin da ya rufa mini asiri lokacin da ba ni da kowa a garin nan, na bar shi da ƙishi don a ce na iya riƙe miji. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji abinci ya fita raina.

Su uku suka zo, mata biyu da namiji nas. Na dire musu gahawa da dabino da dambun nama. Babbar cikinsu, wata dattijuwa mai tabarau, ta fara tambaya. Yana cin abinci da kansa? Na ce alhamdulillahi. Yana shiga banɗaki? Na ce shwaiya shwaiya, yana lallaɓawa. Wanka fa? Na ce ɗan taimako kaɗan ne. Duk tambayar da aka yi masa kafin ya haɗa harafi na riga na amsa. Ta ce in bari ya yi magana da bakinsa, sai ya kalle ni, ya kalle ta, ya gyaɗa kai. Matar ba wawiya ba ce. Rahoton likita yana hannunta yana faɗin abu ɗaya, falona yana faɗin wani. Ta daɗe tana kallon carbin nan da ba ya motsi. Daga nan ta tambayi wa yake ɗaga shi, wa yake juya shi a gado. A nan ne na ƙwala maka kira, ka shigo ka tsaya da ƙirjinka da kafaɗunka, na nuna ka kamar mai tallar kaya a shago.

"Ga ɗana nan," na ce. "Shi ne hannunsa, shi ne ƙafarsa. Ba ya zuwa ko'ina."

Ta tambaya ko ba ka aiki. Na ce aikinka ba shi da nisa, ko yaushe kana iya dawowa, alhali na san sai ka hau bas ka hau jirgin ƙasa na metro kafin ka iso. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Ummi, kin tabbata?" Na ce khalas, magana ta ƙare, ba ma bukatar kowa. Bayan ɗan lokaci amsa ta zo cewa za a riƙa turo nas lokaci-lokaci ya auna jini ya duba magani, amma jinyar kullum ta waɗanda ba su da mai yi musu ce. Ba su zalunce mu ba, abin da na nuna musu suka rubuta. Moza ta yi kuka da ta ji, ni kuwa na ɗauka kukan an kayar da ita ne, har na dafa shinkafa da kaza na aika wa ƙawayena don murna.

Ka bambanta baƙon da ya zo cin abinci da wanda ya zo ganin ciwo. Na farko ka share masa gida, ka yi masa fara'a. Na biyu ka buɗe masa abin yadda yake, da warinsa da komai, domin don shi ya zo. Mu an raine mu a kan ko mutum yana mutuwa aka gaishe shi ya ce lafiya lau, kuma a gaisuwa hakan daidai ne. Amma likita ba gaishe ka yake yi ba, matarka ma idan ta zauna kusa da kai ta ce me ke damunka ba gaisuwa ba ce. Na faɗi haka ne don na ga ɗamarar da kake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga, na kuma ga ranar da ka yi sallar la'asar a zaune ka tura ƙofa don kada in gani. Na tambaye ka, ka ce lafiya lau, Umma. A wurina ka koya, kuma ina so ka bar mini abina a nan kada ka tafi da shi gidan aurenka. Kafin ka hau jirgi ka je a duba bayan nan.

Kuskuren rana ɗaya da sauƙi idan mutum ya gyara washegari. Ni shekaru na zauna a kan nawa. Ina kallo ka ƙi aikin da aka yi maka tayi a Abu Dhabi na shugaban masu gyara. Ina kallo kake baro Al Quoz da tsakar rana lokacin zafin da ko kuliya ba ta fita, ka zo ka juya shi ka canza masa, ka koma ba ka ci komai ba. Lokacin korona da aka kulle gari, mu uku a gidan nan, kai ne nas, kai ne wanzami, kai ne mai wankin zanen gado. Da aka buɗe gari, mata suna zuwa dubiya suna cewa Hajiya kin haifi ɗa, Allah ya ba mu irinsa. Ni kuwa ina karɓar yabon ina lumshe ido kamar ni nake ɗaga mutumin. Ba sau ɗaya ba na ji kana waya da Rahama kana ba ta haƙuri, na wuce kamar ban ji ba.

Rifkatu, maƙwabciyarmu 'yar Zonkwa mai aiki a asibiti, ta sha gaya mini ana iya neman su dawo su sake dubawa idan hali ya canza. Wata rana ta zo karɓar yaji ta ga kana fitowa da shi daga banɗaki a rungume, ta ce mini, "Hajiya, ke kam ko gobara ce ta tashi sai kin shafa hoda kafin ki yi ihu." Na daina gaishe ta har azumi ya wuce. Na ce mata mu ba mabarata ba ne, ba za a ce baƙo ne yake yi wa mijina tsarki ina raye ba. Ban tsaya na yi tunanin cewa Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana aiki a tashar jiragen ruwa tun garin nan bai zama gari ba, kuma abin da ake bayarwa haƙƙinsa ne na ɗan ƙasa da ya tsufa. Ba nawa ba ne balle in ce ba a so. Na mayar da abin da ba nawa ba, sannan na cike gurbin da shekarunka, waɗanda su ma ba nawa ba ne.

Idan Allah ya ba ka 'ya'ya, za ka ga wanda ya fi biyayya a cikinsu, wanda ba ya cewa a'a. Shi za ka fi jin tsoron zalunta, domin ba zai taɓa gaya maka ka zalunce shi ba. Kada ka yi alkawari da sunansa a gaban mutane ba ka tambaye shi ba. Kuma idan aka yabe ka a kan wahalar da wani yake sha, ka ji kunya tun a lokacin, kada ka jira sai ka tsufa irina.

Ka san ranar da abin ya ƙare. Bayanka ya riƙe kana tsakiyar ɗaga shi a banɗaki, kuka zube ku biyu a ƙasa, ni ina tsaye da guiwoyin nan nawa ba na iya ɗaga ko ɗaya. Sai da na fita titi babu ko takalmi na kira masu ɗaure kaya na shagon kago da ke kusa da mu. Maza huɗu suka shigo har cikin banɗakina, suka ga Baba ba sutura, suka ga duk abin da na ɓoye shekara da shekaru. Babu wanda ya yi dariya a cikinsu. Ɗaya ma ya cire rawaninsa ya rufe shi. Baba ya juya fuska bango yana hawaye, kai kuma kana kwance kana ba shi haƙuri, kamar kai ka yi laifin.

Bayan kwana biyu na hau tasi na je gidan Moza. Tun da aka kai ta ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Na ce mata na yi kuskure, ta taimake ni ta sake shigar da neman. Na shirya jin magana, amma sai ta kawo mini ruwa ta ce ta daɗe tana jiran ranar nan. Muka kai Baba aka yi sabon rahoton likita ranar da na ce maka awon ido za mu je, Salim ne ya ɗauke mu. Ban gaya maka ranar zuwan ma'aikatan ba, domin na san za ka ƙi zuwa aiki ka tsaya a bakin ƙofa kamar soja ka ɓata mini shiri.

Wannan karon ko tsintsiya ban taɓa ba. Yana kwance a gadonsa da rigar da ya kwana da ita. Ita dai dattijuwar nan mai tabarau ce ta zo, kuma ta gane ni, na ga hakan a idonta. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce mata wancan karon ƙarya na yi, ba ya ci da kansa, ba ya tashi, ba ya riƙe fitsari, na ɗaga zane na nuna mata gyambon kwanciya da ya fara fito masa a ƙugu. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce ba ni ce ta farko ba. Da ta tambayi ina saurayin nan, na ce bayansa ya lalace kuma aure zai tafi yi a ƙasarmu. Na ja bakina na yi shiru na bar Baba ya yi magana. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, babu wanda ya katse shi.

"Ku bar yarona ya tafi," ya ce. "Ya isa haka."

Amsa ta zo wa Moza a waya cikin makon nan. An amince. Nas namiji zai riƙa zuwa safe da yamma, wanka da canji da juyi da kula da gyambon. Za a kawo gado mai tashi da kansa da abin ɗaga mutum zuwa keke. Ba zan yi maka kwalliya ba, dare ba ya ciki. Dare nawa ne, mijina ne, kuma an ce za a koya mini juya shi da zane ba sai na ɗaga ba. Salim ya ɗauki ranar Juma'a, Moza za ta riƙa kwana idan jikina ya ƙi. Da ma can suna so, ni ce na tare ƙofa. Zan gaji, wata rana ma zan yi kuka, kuma idan ka kira ka tambaya zan gaya maka gaskiya. Ni ma idan nawa tsufan ya kayar da ni, ko a nan ko a Kano, duk wanda ya zo dubawa ka bar shi ya gan ni yadda nake.

Na kira mahaifiyar Rahama da kaina. Ka san nauyin surukai, sai da na zagaya falo ina riƙe da waya kafin na iya dannawa. Na gaya mata jinkirin nan duk ba naka ba ne, nawa ne, na kuma ce su ci gaba da shiri ango yana nan tafe. Don haka idan ka ɗaga tikitin nan ni ka mayar maƙaryaciya, kuma na gaji da zama ita. Ban yarda ka ɗaga ba, Abba. Ban taɓa yi maka magana da wannan kalma ba, yau na yi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne zai fi yi maka wuya. Ranar Asabar nas zai fara zuwa. Ba zai riƙe shi yadda kake riƙe shi ba, bai san ta gefen da Baba ya fi so a fara ba, bai san yana son a ɗumama tawul ba. Baba zai ɓata rai, zai neme ka da ido, hannunka zai yi ta ƙaiƙayi. Ka gaya wa mutumin abin da ka sani da baki, sannan ka zuba hannuwanka a aljihu ka tsaya daga bakin ƙofa. Ko ya yi ba daidai ba kada ka karɓe, gobe zai fi yau. Kwanakin da suka rage maka ka zauna kusa da shi ka karanta masa Alƙur'ani, ka tura shi a keke zuwa bakin ruwa ya kalli kwale-kwalen abra suna tsallakawa Bur Dubai, ku sha shayi. Ya daɗe yana da mai jinya, ɗansa ne bai samu zama da shi ba.

Ka yafe mini shekarun da na ci maka. Ba ni da abin da zan mayar maka da su, sai dai in hana a ƙara ko wata ɗaya a kai.

Allah ya kai ka Kano lafiya, ya tsare ka a sama da ƙasa. Allah ya warkar maka da bayanka, ya sa albarka a hannunka da sana'arka, ya haɗa kanka da Rahama, ya ba ku zuriya masu jin ƙanku. Allah ya ba Baba sauƙi, ya sa ciwonsa kaffara ne, ni kuma ya yafe mini. Ka gaishe da kawunanka, ka ziyarci kabarin mahaifinka ka yi masa addu'a. Allah ya yi maka albarka duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.

Ummanka